MS-20, Mother-32 ko 0-Coast: wace sintesaiza za ka fara saya in kiɗan gwaji kake so?

Wani ƙanena a sana'a ya same ni kwanakin baya da wata magana. Shekararsa bakwai yana buga fiyano a situdiyo, yana haɗa wa mawaƙa kiɗa a kwamfuta, kuma ya ce ya gaji da hannunsa. Duk inda ya ɗora yatsu a kan Yamaha ɗinsa, wuri guda suke komawa, kamar jakin da ya san hanyar gida. Yana so ya yi kiɗan da ba na rawa ba, ba na rakiyar mawaƙi ba, irin wanda sautin kansa ne abin saurare: gunji, fito, ƙara, shiru, sannan wani abu ya faɗo daga inda ba a zata ba. Ya tara 'yan kuɗi, ya yi bincikensa, ya tsaya a kan sintesaiza uku, wato na'urorin da suke ƙirƙirar sauti da wutar lantarki: Korg MS-20 mini, Moog Mother-32 da Make Noise 0-Coast. Ya ce, "Yaya, wacce ta fi daɗin sauti?"

Na ce masa wannan tambayar ba za ta kai shi ko'ina ba. Dukansu ukun suna da daɗi, kuma kuɗinsu ba shi da nisa da juna: lokacin da suka fito, MS-20 mini da Mother-32 kusan dala 600 kowacce, 0-Coast kusan dala 500. Abin da ya raba su shi ne abin da kowacce take sa hannunka ya yi. Ɗaya tana ba ka fiyano, ɗaya tana ba ka majerin kiɗa, wato sikwensa, mai jera muryoyi ta riƙa buga su da kanta, ɗaya kuma ba ta ba ka komai sai wayoyi da maɓallan murɗawa. Tunda ciwonsa a hannu yake, a nan ya kamata a nemi magani.

Kafin mu shiga, akwai gargaɗi ga duk wanda ya saba da fiyanon situdiyo. Babu ɗaya daga cikin ukun nan da take fitar da murya biyu daban-daban daga maɓallai biyu a lokaci guda kamar yadda ka saba. Murya ɗaya ce, in ka danna biyu ɗaya kawai za ka ji. Babu ganguna a ciki, babu salon da za ka danna ya raka ka. Sannan babu ajiyar sauti. In ka kwana kana murɗe-murɗe har ka samu wani sauti da ya sa tsigar jikinka ta tashi, da ka taɓa maɓallan ya tafi ke nan, sai dai in ka ɗauki hoton fuskar na'urar da wayarka, kuma ko da hoton da wuya ya dawo daidai. Wanda wannan zai ɓata masa rai, gara ya riƙe kuɗinsa tun yanzu.

Yadda abin yake aiki kuwa ba shi da wuyar fahimta. A na'urar analog babu sautin da aka naɗa aka ajiye. Wutar lantarki ce da kanta take kaɗawa, lasifika ta mayar da kaɗawar nan sauti. Akwai osileta, wadda ita ce maƙogwaron na'urar. Akwai rariya, mai tace sautin. Akwai ƙofa, mai buɗe shi da rufe shi. Sai kuma ƙananan sassa da ba sa yin sauti, aikinsu kawai su riƙa tura wuta tana hawa tana sauka don su murɗa wa sauran maɓallai a madadin hannunka. Su ukun nan duka an riga an haɗa sassansu ta ciki, da ka kunna za su yi magana, amma an bar ramuka a fuska inda za ka cusa waya ka karya haɗin da aka yi, ka ƙulla naka. A ramukan nan kiɗan gwaji yake zaune.

Gida biyu

Ba za ka gane bambancin Mother-32 da 0-Coast ba sai ka san rigimar da ta haife su. A farkon shekarun 1960 mutum biyu a Amurka suka ƙera sintesaiza kusan lokaci guda ba tare da haɗa kai ba. Robert Moog yana jihar New York, a gabas, ya nuna tasa a bainar jama'a a 1964. Don Buchla yana California, a yamma, yana yi wa wasu mawallafan kiɗa biyu aiki, Morton Subotnick da Ramon Sender, na cibiyar kiɗan tef ta San Francisco. Moog ya sa wa tasa fiyano, makaɗa suka gan ta suka gane ta, ta shiga kasuwa, har aka kai ga Minimoog a 1970. Buchla ya ƙi fiyano da gangan. Hujjarsa da ta Subotnick ita ce, in ka ba mutum farare da baƙaƙen maɓallai, tsohon kiɗan da ya sani zai buga da sabuwar murya. Sai ya sa faranta na ƙarfe da ake taɓawa, da majerin kiɗa, da wani sashe da aikinsa kawai fitar da wutar da ba a san inda za ta dosa ba.

Har yadda suke gina sauti ya bambanta. Kowane sauti yana da uwa, wato muryar da kunne yake kamawa, da 'ya'ya, ƙananan muryoyi da ke bisa ta waɗanda su ne suke raba sautin goge da na sarewa ko da murya ɗaya suka riƙe. A gidan Moog ana farawa da sauti mai cike da 'ya'ya, mai kaushi, sai a sa rariya ta rage. Aikin masassaƙi ke nan, ya samu gungume ya yi ta cirewa har turmi ya fito. A gidan Buchla ana farawa da uwa tsurarta, sai a lanƙwasa ta, a ninke ta a kan kanta, 'ya'ya su yi ta fitowa. Wannan aikin maƙeri ne. Mother-32 'yar gidan Moog ce ta jini. 0-Coast ta fi karkata gidan Buchla, ko da yake sunanta yana nufin ba ta gabas ba ta yamma. MS-20 kuwa daga Japan ta fito, tsarinta na masassaƙi ne, amma halinta nata ne ita kaɗai.

Korg MS-20 mini

Ta asali ta fito a 1978. Ƙaramar, wadda ake samu yanzu, ta fito a 2013, girmanta kashi 86 cikin 100 na ta farko, da ƙananan maɓallan fiyano 37. Osileta biyu gare ta, abin da ya ba ta fifiko nan take a kan sauran biyun, masu guda ɗaya ɗaya. In ka saita biyun kusa da juna amma ba daidai ba, sai su riƙa gogayya, sautin yana kumbura yana sacewa da kansa. Masu dogon gunji irin na Éliane Radigue, Bafaranshiyar da ta shafe shekaru kusan talatin a kan na'ura ɗaya, ARP 2500, a kan irin wannan gogayyar suka gina aikinsu. Da osileta ɗaya ba ka samun wannan cikin sauƙi.

Sai rariya. Nan ma biyu ne, ɗaya tana yanke kauri, ɗaya tana yanke kaifi, kowacce da maɓallin da in ka murɗa shi sosai sai ta fara fito da kanta. Rariyar MS-20 ba ta da kunya. Tana ihu, tana tsagewa, tana ƙara kamar ƙofar langa-langa da iska ta kama. Wanda yake neman sauti mai laushi zai sha wahala da ita, wanda yake neman ƙazamin sauti mai rai kuwa ya zo gida.

Amma abin da ya sa nake ajiye ta a gaba ga mutumin da yake zaune cikin makaɗanmu shi ne wani sashe a ƙasan fuskarta ta dama, wanda aka fi sani da ESP. Aikinsa ya karɓi sauti daga waje, ta makirufo ko wata na'ura, ya ƙara masa ƙarfi, ya saurari hawa da saukar muryarsa ya mayar da su wuta, ya saurari ƙarfin bugunsa shi ma ya mayar da shi wuta. Ma'ana, kana iya ajiye makirufo gaban mai kalangu, duk bugun da ya yi ya buɗe ƙofar na'urar, duk matsar tsarkiya da ya yi osileta ta yi ƙoƙarin bin sa. Na ce ƙoƙari, domin ba ta bi daidai. Tana tuntuɓe, tana tsalle zuwa muryar da ba a kira ta ba, musamman in sautin yana da 'ya'ya da yawa kamar na goge. A kiɗan biki wannan aibi ne. A kiɗan gwaji wannan tuntuɓen shi ne amfanin gonar. Kalangu da goge ba su san matakalar fiyano ba, muryarsu zamewa take yi tsakanin matakai, kuma osiletar analog ita ma haka take in ba a ɗaure ta ba. Akwai kuma wata tsohuwar dabara ta masu MS-20: a ɗauko sautin daga ramin abin saurare na kunne a mayar da shi cikin na'urar, ta riƙa cin kanta. Ka rage lasifika kafin ka gwada, don maƙwabta.

Inda ta gaza: ramukanta sun fi yawa a ido fiye da a aiki. Yawancinsu na wutar sarrafawa ne, ba za ka iya ɗauko sautin kowace osileta daban ka kai shi inda ka ga dama ba. Ba ta da majerin kiɗa. Kuma tana da fiyano, wato tarkon da ƙanena yake gudu yana nan shimfiɗe a gabansa. Babbar matsalar kuma ita ce yarenta. Moog ya kafa ƙa'idar bolt ɗaya na wuta ga kowane oktaf, wato tazarar da ke tsakanin murya da ninkinta na sama, kusan kowa ya bi. Korg ta wancan zamani ta bi wata ƙa'ida daban, inda wutar take ninkuwa a kowane oktaf, kuma alamar "fara" da take ji juyayyiya ce. In ka haɗa ta kai tsaye da Mother-32 don su buga murya ɗaya, za ka ji kowacce ta kama gabanta. Ana gyara wannan ta MIDI, yaren da na'urorin kiɗa suke aika wa juna umarni da shi, ko da ƙaramar sikwensar Korg mai suna SQ-1 wadda ta iya yaren biyu, amma ƙarin kuɗi ne da ya kamata ka lissafa tun farko.

Moog Mother-32

Ta fito a 2015. Osileta ɗaya, rariya ɗaya irin ta Moog mai yanke desibel 24 a kowane oktaf, ramuka 32, da sikwensa mai taku 32 wadda take ajiye jeri har 64. Ka lura: jerin muryoyi take ajiyewa, ba yanayin sauti ba. Maɓallan bugawarta na roba ne, oktaf ɗaya tak, sun isa ka shigar da jeri amma ba su isa ka yi gwaninta ba.

Sautinta shi ne mafi kyau a ma'anar da kowa ya sani: mai kauri, mai santsi, mai cika ɗaki. Rariyar Moog tana da hali guda da ya kamata ka sani, in ka ƙara mata fito sai kaurin ya ragu, saɓanin ta MS-20 da take ƙara haukacewa. Kuma sikwensar nan ta sa ita kaɗai ce cikin ukun da za ka fitar daga kwali, ka kunna, cikin minti goma wani abu yana zagayawa da kansa hannuwanka biyu suna sake. Ga mai hawa dandamali wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To amma ni a ganina ita ce mafi ladabi, kuma ladabi ba shi ake nema a nan ba. Duk yadda ka juya ta, tana son ta koma ga jeri mai daɗi da yake maimaita kansa. Ana iya fitar da ita daga hayyacinta, misali ka sa mai kaɗawa a hankali ya yi gudu har ya zama sauti ya riƙa girgiza osileta, ko ka mayar da fitar rariya cikin kanta, amma sai ka yi da gaske. Mutumin da ya gaji da jin hannunsa yana komawa wuri guda zai iya samun kansa bayan wata uku yana yin abin da yake yi a kwamfuta, sai dai da murya mai kauri. In gidan Moog kake so kuma gwaji kake nufi, ƙannenta biyu sun fi ta rashin ji: DFAM ta 2018, wadda take ta bugu da ƙara, da Subharmonicon ta 2020, mai raba murya da lokaci kashi-kashi har bugu huɗu su riƙa saɓawa suna haɗuwa. Duk ukun girmansu ɗaya, an yi su ne don a jera su. Nan ne Mother-32 take haskawa, a cikin 'yan'uwanta. Ita kaɗai, hannu ɗaya ce da jinka.

Make Noise 0-Coast

Wani ƙaramin kamfani ne a garin Asheville na jihar North Carolina, wanda Tony Rolando ya kafa, ya fitar da ita a 2016. Faranti ce ta ƙarfe da ba ta fi littafi girma ba. Babu fiyano, babu sikwensa ta taku-taku, babu ma rariya irin wadda aka saba. Ranar farko za ka zauna gabanta kana kallon zane-zanen fuskarta kamar rubutun da ba a koya maka ba.

Osiletarta tana fitar da uwa mai laushi. Maɓalli ɗaya yana ƙara mata 'ya'ya, na biyu yana ninke su, na uku yana auna yawan uwa da yawan 'ya'ya a abin da zai fita. Daga nan sautin ya shiga wata ƙofa da aka kwaikwayo daga Buchla, wadda take rage ƙarfi da kaifi tare. Haka abubuwan duniya suke mutuwa: in ka tsinki tsarkiyar gurmi ko ka bugi ƙwarya, kaifin ne yake fara tafiya kafin sautin ya ƙare. Shi ya sa gajerun sautukan 0-Coast suke kama da itace, fata da ƙarfe, ba sa kama da lantarki. Kunnen da ya tashi da jin ganga yana karɓarsu da wuri.

Ƙarfinta na gaske yana wajen sassan sarrafawa. Tana da agogo na ciki, da mai fitar da wutar kan-mai-uwa-da-wabi a kowane bugun agogon, da wani sashe mai hawa da sauka wanda zai iya zagayawa da kansa, a hankali kamar numfashi ko da gudu har ya zama osileta ta biyu, da wurin tara wuta biyu ko juya ɗaya. Da wayoyi huɗu ko biyar kana iya ƙulla ta yadda wutar da ba a sani ba za ta zaɓi murya, ita kuma ta zaɓi tsawon sautin, ƙarshen kowane sauti ya haifi na gaba. Sai ka janye hannu, na'ura ta yi ta magana ita kaɗai, ba ta maimaita kanta. Aikinka ya tashi daga bugawa ya koma kiwo: ka ɗan karkata ta nan, ka tare ta can. Ga wanda yatsunsa suka haddace hanya, ban san maganin da ya fi wannan ba, domin babu inda yatsun za su sauka.

Kuɗin da za ka biya shi ne haƙuri. Makonnin farko yawancin abin da zai fito tarkace ne. In kana so ka buga wani amo da ka sani, dole ka jona mata fiyano ta MIDI, ko ka ƙara kuɗi ka sayi abokiyarta 0-CTRL ta 2020, mai faranta na taɓawa da taku takwas. Ba ta da sashen shuuu, wato hayaniyar iska, wanda sauran biyun suke da shi. Kuma dogon gunji mai kauri ba gonarta ba ce kamar MS-20.

Kan dandamali, da zafi, da wuta

Abu guda ya haɗa su: busassu ne. Babu mai amsa-kuwwa ko jinkirin sauti a cikinsu, kuma sautin analog tsurarsa a lasifika yana da tsauri kamar tuwo ba miya. Duk wadda ka zaɓa, ka ware kuɗin ƙaramar na'urar amsa-kuwwa irin ta masu jita, da ƙaramar miksa. Wannan ya fi sayen sintesaiza ta biyu amfani nesa ba kusa ba.

A gaban jama'a, Mother-32 ce mafi kwanciyar hankali, don jerinka yana ajiye. MS-20 ce mafi kyan kallo, mutane suna ganin hannunka da wayoyin da ke tsaye a gabansu kamar tsohon allon masu haɗa tarho, kuma ita ce za ka iya hawa da ita tare da mai algaita ko mai kalangu ku yi zance. Ita ce kuma mafi wahalar ɗauka, siffarta ba ta shiga jaka. 0-Coast tana shiga jakar goyo, amma tana iya ba ka kunya: abin da ya yi daɗi jiya a ɗaki ya ƙi fitowa yau. Masu irin wannan kiɗa sukan ƙulla wayoyinsu tun a gida, su ɗauki na'urar a haka, sannan su yarda cewa rabin abin da zai faru ba su suka tsara shi ba. A ɗaki kuwa doka ɗaya ce, rikoda ta kasance a kunne kullum. Yawancin aikin wallafa irin wannan kiɗa zaman tsinta ne: ka naɗi awa guda, ka fitar da minti huɗu.

Osiletar analog tana jin zafi da sanyi. Ka kunna ta ka bar ta kamar kwata ɗaya na awa kafin ka saita murya, kuma in ka fito da ita daga ɗaki mai sanyin na'ura zuwa filin da rana ta gasa, ka sake saiti. Ƙurar hunturu tana shiga ramuka da gindin maɓallai, sai ka ji ƙarar-ƙarar in ka murɗa. Mayafi kawai ya isa, in dai za ka tuna ka rufe. Batun wuta kuwa ya fi komai. Adaftocinsu ba ɗaya ba ne: MS-20 mini bolt 9, Mother-32 bolt 12, 0-Coast bolt 15. Kada ka musanya, kada ka saya mata ta bakin titi don bakin ya shiga. In daga Amurka aka kawo maka, inda wutar gida take bolt 120, karanta jikin adaftar ka tabbata tana ɗaukar har 240. Kuma kada ka jona ta kai tsaye da janareta. Inbata ko stabilaiza mai kyau tukuna. Mai gyaran da ya san cikin waɗannan na'urori ba a kowace kasuwa yake ba.

Me ya sa ban ce Eurorack ba

Ƙanena ya tambaya, don ya ga hotunan manyan akwatuna masu fitilu. Eurorack tsari ne da Bajamushe Dieter Doepfer ya fito da shi a tsakiyar shekarun 1990: akwati mai wuta, kai kuma ka riƙa sayen sassa ɗaya ɗaya daga kamfanoni daban-daban kana jerawa. 'Yanci ne na gaske, kuma can ne wannan hanya take kaiwa. Amma kafin ka ji ko ƙyas sai ka sayi akwati, osileta, rariya, ƙofa, mai hawa da sauka, da mafita, kuma da wuya jimlar ta tsaya ƙasa da kuɗin biyu daga cikin na'urorin da muka yi magana. Ga haɗari: kowane sashe da faffaɗar waya ake jona shi, jan layinta yana bin ɓangaren bolt 12 na ƙasa da sifili. Wani abokina ya juya tasa da dare, wutar waya a baki, sai wari ya ji. Kuɗin wata biyu ya tafi a daƙiƙa ɗaya. Ga kuma kwaɗayi, mabuɗin wahala: mai akwati kullum saura sashe ɗaya ya cika, sai ya wayi gari yana sayayya ba ya kiɗa.

Mamman Sani na Nijar da ogan lantarki ɗaya, ƙirar Orla ta Italiya, ya yi aikin da rediyo da talabijin na ƙasar suka daɗe suna sakawa tsakanin shirye-shirye tun daga shekarun 1970, har kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi ga duniya a 2013. Na'ura ɗaya ce, ya san ta ciki da bai. In kana son ka ɗanɗani Eurorack ba ka kashe ko kwabo ba, akwai manhajar VCV Rack, kyauta ce a kwamfuta, ka yi wata guda kana ƙulla wayoyin ƙarya. Mother-32 da 0-Coast kuma duk suna jin yaren Eurorack, Mother-32 ma ana cire ta daga gidanta a ɗaura ta cikin akwati, don haka babu asara in ka girma ka wuce su.

In kuɗin bai kai ba, Behringer Neutron ta 2018 ta fito a kusan rabin kuɗin waɗannan, da osileta biyu, ramuka 56 da jinkirin sauti a ciki. Ba ta da fiyano ba ta da sikwensa, amma ta fi su duka ukun yawan wurin cusa waya. Arturia MiniBrute 2 kuma tana da fiyano, sikwensa da ramuka 48, ga wanda yake son komai a gida ɗaya.

Abin da na ce masa

Mother-32 na fara cirewa. Ba ta da laifi, amma ta wanda yake son jeri mai zagayawa ce, mai niyyar tara mata 'yan'uwa a gaba, ko mai son kauri a ƙarƙashin waƙa. Shi ba wannan ya kawo shi ba.

Tsakanin sauran biyun na daɗe ina jujjuyawa. Da a ce shi kaɗai yake aiki a ɗaki, ba ya hulɗa da kowa, 0-Coast zan ce ba tare da na yi tunani sau biyu ba, domin ita ce take ƙwace masa fiyano ƙarfi da yaji. Amma situdiyonsa kullum cike yake da masu kalangu, masu kuntigi, 'yan amshi, kuma yana da makirufo masu kyau da ya riga ya mallaka. Mutum mai wannan arziki a bakin ƙofa, MS-20 mini ce tasa. Sai na kafa masa sharaɗi: wata uku na farko ya samo ƙyalle ya rufe maɓallan fiyanon, kada ya taɓa su. Abin da zai motsa na'urar ya shigo ta makirufo, ko ta wayoyin da ya ƙulla, ko ta ƙafar murɗawa da ɗan maɓallin da ke gefen hagu.

Ya yi dariya ya ce to ai kamar ya sayi mota ne ya cire sitiyari. Na ce ya bari sai mai kalangun ya zo ranar Asabar tukuna, kuma ya tanadi waya mai canja baki, don ramukan ƙaramar MS-20 sirara ne, bakin makirufonsa ba zai shiga ba.